Me Ke Tsai da Abin da Ke Tafiya?

A bara, sa'ad da muka fita gwajin koyarwa, na rubuta wa 'yan ajina dokar farko ta Niyuton a allo, watau abin da ke tsaye yana nan tsaye, abin da ke tafiya kuwa ba zai fasa tafiyarsa ba, ba zai kuma karkace ba, sai in wani ƙarfi ya taɓa shi. Suka kwafa. Can wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to don me in na saki kurar ruwa take tsayawa, alhali ba wanda ya tare ta?" Na ce masa haka dokar ta ce, ya zauna. Yaron ya zauna, amma ni na san ban amsa masa ba. Na rubuta wannan ne domin kada ɗan'uwana ya ji kunyar da na ji ran nan.

Da fari dai mu yarda yaron nan bai yi wauta ba. Abin da idonsa ya gani ya faɗa, kuma Aristotal na ƙasar Girka ma haka ya koyar, cewa abu ba ya tafiya sai da mai tura shi. Mutane suka riƙe wannan magana shekaru kusan 2,000. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi gardama a kan haka, ya ce abin da aka jefa, da a sararin da ba kome cikinsa ne, da bai tsaya ba. Galiliyo na Italiya ya gwada da ƙwallaye a kan katako mai gangara. Sa'an nan Niyuton na Ingila ya tsara dokokin uku cikin littafinsa na 1687.

Amsar da ta kamata in ba yaron ita ce, akwai mai tare kurar, ganinsa ne ba a yi. Ƙafafunta suna gogayya da ƙasa, ƙarfen da suke juyawa a kansa yana gogayya da su, iska kuma tana tokare ta. Kada ka tsaya gaya wa yara wannan da baki. Fita da su waje, ka mirgina ƙwallo a kan rairayi, ka auna inda ya tsaya. Sāke mirgina shi da ƙarfi ɗaya a kan daɓe, sa'an nan a kan siminti mai santsi. Kowane karo zai ƙara nisa. To, sai ka tambaye su, in da za a sami wurin da ba gogayya ko kaɗan, ina zai tsaya? Ka yi shiru, ka bar su su yi ta musu. Wanda ya fara cewa ba zai tsaya ba, shi ya gane dokar, ko da bai iya karanto ta da ka ba. In sun nemi shaida, gaya musu labarin kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977. Ba injin da ke tura shi gaba, amma yana ta tafiya wajen kilomita 17 a kowace daƙiƙa.

Wannan doka ce ke jefa fasinja gaba in direba ya taka birki. Birki mota ya kama, bai kama mutum ba, saboda haka jikinsa ya ci gaba da tafiyar da yake yi. Ga lissafin da ya kamata kowane yaro ya sani. Motar da ke gudun kilomita 36 a awa tana cin mita 10 a daƙiƙa. In ta tsaya cik, wanda ke zaune a kan kaya zai bugu kamar wanda ya faɗo daga tsawon mita 5. In gudun ya ninka ya zama 72, tsawon ba mita 10 zai zama ba, wajen mita 20 ne. Da yawa cikin yaran da za mu koyar a bayan babbar mota suke zuwa kasuwa, shi ya sa ni a ganina wannan lissafi ya fi haddar dokar amfani. Ita ce kuma ke aiki in an kakkaɓe tabarma: sanda ta kawar da tabarma, ƙura ta tsaya inda take, ta zube.

Doka ta biyu ba ta da wuya in ta farko ta zauna. Aikin ƙarfi shi ne sāke gudu, ko ya ƙara shi, ko ya rage, ko ya karkatar da shi. Tura kura wofi, ka kuma tura ta da jarkoki cike, da ƙarfi ɗaya. Mai kayan za ta daɗe ba ta ɗauki gudu ba, in kuwa ta ɗauka, tsai da ita aiki ne. Ma'aunin ƙarfi sunansa niyuton, watau ƙarfin da zai ƙara wa kilo 1 gudun mita 1 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Ƙasa tana jan kowane kilo da niyuton wajen 9.8.

Ta uku kuwa, in ka tura abu, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. Mai kwalekwale a Binuwai yana tokare ƙasan kogi da gora, ƙasa ta tura shi gaba. A nan ma ka shirya, don wani yaro zai ce, in ƙarfin biyu daidai suke, ai sai su kashe juna, kome ya tsaya. Nuna masa ba a kan abu ɗaya suke aiki ba, ɗaya a kan ƙasan kogi yake, ɗaya a kan mai gora da jirginsa.

Ranar da na koma ajin nan na tafi da kofi da kati da marfin kwalba. Na ɗora kati a bakin kofi, marfi a kan kati, na kira yaron nan na ce ya ɗalle katin da yatsa. Kati ya tashi, marfi ya faɗa cikin kofi. Na ce ya gaya wa 'yan'uwansa dalili, ya kuwa gaya musu daidai.