Ina Mai Ƙafa Zai Bi?

In Allah ya kai ka Kornaka ranar kasuwa, tsaya bakin kwaltar nan da ta taso daga wajen Maraɗi, ta ratsa Sabon Mashi, ta nufi Dakoro, ka ƙirga abubuwan hawan da suka tsaya. Ga babbar mota ana lodin wake. Ga ta fasinja, ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum biyu. Ga ƴan kabu-kabu sun jeru, ga amalanken jaki, mai shayi kuma ya kafa teburinsa a ɗan abin da ya rage. To, tsohuwar da ta ɗauko ƙwaryar nono daga ruga, ina za ta bi? Dole ta hau kwalta, ta raba hanya da mota. Ka gane ke nan, inda mota ta tsaya shi ke zaɓa wa mutum inda zai taka.

Wannan magana har a manyan biranen duniya ana ta muhawara a kanta, sai dai su ta wata kusurwa ta ɓullo musu. A Amurka, shekaru da dama doka tana tilasta wa duk mai gina kanti ko gidan haya ya keɓe filin ajiye motoci gwargwadon girman gininsa. Sai filayen suka cinye gari, gidaje suka yi tsada, kantuna suka yi nesa da juna. Kowace ƙofar shiga filin kuma ta datse turbar masu ƙafa. Wani malamin jami'a a Los Anjelis, Donald Shoup, ya wallafa littafi a 2005 yana nuna cewa ajiye mota kyauta ba kyauta ba ne, kowa yana biya a kuɗin haya da kuɗin kaya, har wanda ko keke bai mallaka ba. A 2017 birnin Buffalo ya soke wannan tilas. A shekarar dai birnin Meziko ya juya tasa dokar, ya sa iyakar da ba a wucewa. Minneapolis ta soke tata a 2021.

Kada wani ya ji haka ya ce ashe an yarda kowa ya tsaya inda ya ga dama. Soke doka ba ya rage motar ko ɗaya ran da aka soke ta. In babu fili, gefen hanya za ta nufa. Shi ya sa Shoup ya haɗa da cewa a sa kuɗi a kan tsayawa bakin titi, a kashe kuɗin a unguwar da aka karɓe su. Mu kuwa mun riga su isa wannan mataki: gefen hanya shi ne tashar kowa.

Bari mu yi lissafi. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 30 tana cin mita 8 da ɗoriya. Direba kuwa, kafin idonsa ya gaya wa ƙafarsa ta taka birki, daƙiƙa guda ta wuce. Yanzu ɗauki yaro da aka aika sayen magi, ya ɓullo a guje daga bayan motar wake. Shi bai ga mai zuwa ba, mai zuwa bai gan shi ba, don motar da ta tsaya ta zame musu katanga. A gudun 30 akwai fata, ko an buge shi yawanci yakan rayu. A gudun 50 sai wani ikon Allah. Don haka ne taron ministoci a Stockholm, cikin Fabrairun 2020, ya nemi a tsaida gudu a kilomita 30 duk inda mutane ke cuɗanya da motoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hanya tana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba.

Wani ƙaramin birni, Hoboken, ya hana ajiye mota dab da mahaɗar tituna, ya kafa ƴan sanduna don kada a karya. Da wannan da wasu gyare-gyare, daga Janairun 2017 ya yi shekara bakwai cur ba a rasa rai a titinsa ba. Sanda fa, ba injin ba. Ko a Kornaka ba a rasa icce da tsohuwar taya.

Abin da ya kamata hukumar gari ta yi, tare da fadar sarki da shugabannin direbobi da na ƴan kasuwa, shi ne a fara yanka wa mai ƙafa rabonsa a gefe biyu na kwalta, faɗin da mutum biyu da kaya za su wuce juna, a kafa turaku. Abin da ya saura a raba wa masu tayoyi. Lodi da sauke kaya a koma bayan kasuwa. Gaban makaranta da gidan likita da mashigar kasuwa, a bar taku ashirin ba mota ba tebur. Tudun rage gudu kuwa a nemi masana hanya da hukumar ANISER mai kula da tsaron hanya su tsara shi, a shafa masa farin fenti, a sa alama tun daga nesa. Wanda matasa ke tarawa da ƙasa bayan an yi rashi, zuciya ce ta sa, amma da dare ɗan kabu-kabu yake kayarwa.

Kai kuma mai tafiya ƙasa, tunda a Nijar mota dama take bi, riƙe hagu don ka fuskanci mai zuwa. Kada ka tsallaka ta gaban motar da ta tsaya ko ta bayanta. Matsa har sai ka hangi hanya gaba da baya. In magariba ta yi maka a hanya, kunna tocilan wayarka, yaro kuma ka riƙe shi a hannun da ke nesa da kwalta.