Darasi Na 14: Neman Taimakon Gwamnati Don Aikin Ruwa

Jama'a, yau karatunmu a kan ruwa ne. Kowa ya san wahalarsa in bazara ta yi. Rijiya ta ƙafe, tafki ya koma taɓo. Mata da yara su yi sammako da tuluna, ba su komowa sai hantsi. Yaron da ya yini ɗibar ruwa kuwa ba ya zuwa makaranta.

Ruwa mai kyau magani ne. Dattawanmu sun san kurkunu, da yadda yakan kwantar da manomi a tsakiyar damina. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 600,000 a Nijeriya. Aka dage da tace ruwa da haƙa rijiyoyi. A 2013 aka tabbatar babu sauran cutar a ƙasar nan.

Gwamnati takan ware kuɗi kowace shekara domin aikin ruwa, amma ba sa isar kowane gari. Garin da ya rubuta takarda, ya bi sawunta, shi ya fi kusa da samu.

Da fari sai mu rarrabe abu biyu. Akwai taimako, wanda ake kira tallafi. Shi ba a biya. Akwai kuma rance. Shi dole a biya, wani lokaci har da ƙari. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takarda sai ka san wanne ne. Wannan yana cikin amfanin karatun da muke yi.

To, wa za a rubuta wa? A da En'e ce ke gina rijiyoyin siminti. Tun 1976 ƙananan hukumomi suka maye gurbinta. In gyaran rijiya ake so, ko wani ƙaramin aiki, sai a nufi ƙaramar hukuma ta hannun kansila. In rijiyar burtsatse ce, jihohi da yawa suna da hukumar ruwa ta karkara, wadda ake kira RUWASSA. In kuwa babban aiki ne, kamar madatsar ruwa ko hanyar ruwa ta noman rani, akwai hukumomin raya kwarin koguna na Gwamnatin Tarayya. Ta Haɗeja da Jama'are ita ke lura da madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa, wadda aka gama a 1992. Ta Sakkwato da Rima ita ke da Bakolori da Goronyo. A 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da wani shiri mai suna ACReSAL, domin gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗin irin wannan shiri rance ne a kan gwamnati, ko da ya zo wa gari a matsayin taimako. Watau dukiyarmu ce duka, ba ta ɓarna ba ce.

Kafin a ɗauki alƙalami sai a yi taro. A kira mai unguwa da dagaci da liman. Lalle a ji ta bakin mata, domin su suka san inda ruwa yake da nisan wurin. In akwai makiyaya kusa, a gayyace su. Rijiyar da aka haƙa ba da saninsu ba, a bakinta ake faɗa.

In aikin ya taɓa rafi ko kogi, to, ya wuce gari ɗaya. Ruwan da ka tare a nan, wani ne ya rasa shi a can. Bayan an gina Tiga, ambaliyar da masu shinkafa da masunta na fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita ta ragu. A Bakolori manoma sun yi rigima a kan diyyar gonakinsu, har aka rasa rayuka a 1980. Saboda haka garuruwan da ke shan rafi ɗaya su zauna tare, su rubuta takarda ɗaya. Ma'aikaci ya fi sauraron ƙauyuka biyar da suka haɗa baki bisa ga biyar da ke ƙarar juna.

A wurin taron sai a zaɓi kwamiti: shugaba, da magatakarda, da ma'aji, da mata a ciki. A yi wa ƙungiya rajista a ƙaramar hukuma. A buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya, ba da sunan mutum ba, kuma kada kuɗi su fita sai mutum biyu ko uku sun sa hannu.

Sa'an nan maganar fili. Mai fili ya ba da shi a rubuce, gaban shaidu. In ba haka ba, wata rana magadansa za su kewaye famfo da danga. Amma kada ku kafe a kan wuri ɗaya. A ƙasar Kano da Zariya dutse ne a ƙarƙashi, ruwa yana cikin tsagoginsa. Sai masu awo sun gwada kafin a san inda za a haƙa, ko da ba ƙofar gidan dagaci ba ne.

Sau da yawa akan ce gari ya kawo nasa kason. A shirin CSDP, wanda aka fara a 2009, an nemi jama'a su kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki da farko. Ba lalle sai tsabar kuɗi ba. Yashi da tsakuwa da aikin gayya duk akan lissafa su.

Ga yadda takardar za ta kasance. Ta zama gajeriya.

“Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar ……, ta hannun Hakimin ……. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, mu mutanen …… muna roƙon a haƙa mana rijiyar burtsatse. Gidajenmu …… ne. Rijiyoyinmu ……, amma …… suna ƙafewa daga watan ……. Ruwa mafi kusa tafiyar kilomita …… ne. Mun ba da fili, takardarsa tana haɗe. Za mu kawo yashi da ƙwadago, kuma gyara yana wuyanmu.”

A sa kwanan wata, shugaba da magatakarda su sa hannu. Kada a ƙara yawan mutane don a ba da tausayi. Za a aiko a duba, in aka kama ƙarya ɗaya, an daina yarda da sauran.

A yi takardar kofi uku. In an kai ofis, a roƙi akawu ya buga hatimi a kan kofinku, ku komo da shi. Shekarar kuɗin gwamnati tana farawa a Janairu, kuma tun kafin nan ake tsara kasafi. Don haka a kai takarda da damina, kada a jira sai rijiya ta ƙafe. Bayan wata guda mutum biyu su koma su tambaya. In wani ya ce a ba shi na goro zai tura takardarku gaba, ku ce ya ba ku rasit.

Aikin gida: kowa ya kwafi takardar nan a littafinsa. Ya ƙidaya gidajen unguwarsu da rijiyoyinta, ya cike guraben, ya zo da ita ran Litinin.