SHIRIN HAIHUWA: YADDA ZA MU KARE KATIFA, MU KARE MAI HAIHUWA

Jama'a masu karatu, darasinmu na yau a kan shimfiɗar mai haihuwa yake. Wuri mafi kyau ga haihuwa shi ne gidan likita. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta mayar da awon ciki kyauta, a 2024 kuma ta ɗauke kuɗin haihuwa a likitocin gwamnati. Amma mu mutanen Dakoro mun san halin ƙasarmu. Ƙauyuka da rugage da yawa, daga Kornaka da Birnin Lalle har kwarin Tarka, suna nesa da likita. Naƙuda takan zo da tsakar dare, ko da damina hanya ta yanke. Don haka kowane gida mai mace mai ciki ya shirya shimfiɗa tun ciki yana wata bakwai. Tun ran gini ran zane.

Me ya sa ake kare katifa?

Dalili na farko shi ne dukiya. Katifa tana cikin kayan ɗakin da iyaye suka sha wahala kafin su saya wa ɗiyarsu. Soso yana shan jini da ruwan haihuwa har cikinsa, ba ya wankuwa. Sai wari, sai ƙuda.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi. Katifar da ba ta da leda tana shanye jini, ta ɓoye shi. Masu zaman ɗaki su ga tabo kaɗan a sama, su ce ba komai, alhali mace tana ƙarewa. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya. Idan akwai leda, jini yana tsayawa cikin zane, ido yana ganin yawansa.

Dalili na uku: kada gudun ɓata katifa ya sa a bar mace ta haihu a kan turɓaya. Ƙwayar cutar tetanos tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Idan ta shiga ta cibiya, jariri yakan sandare, ya kasa shan nono.

Kayan da za mu tanada

1. Leda babba mai kauri guda 2, kowace tsawon mita 2, faɗin da zai rufe katifa har gefenta.
2. Tsofaffin zannuwa 4 ko 5. Masu haske sun fi, domin jini ba ya fita sosai a kan baƙi ko ja.
3. Sabulu, bokiti da ruwa mai tsabta.
4. Sabuwar reza cikin takardarta, da zaren da za a tafasa.
5. Fitila mai haske da sababbin batura.

Maigida, wannan sayayya taka ce. Ranar da ka sayar da wake ko gero a kasuwa, ka fara da ita. Kada a ɗauko buhun takin zamani ko ledar da ta taɓa maganin ƙwari, domin akwai guba a jikinsu. A wanke leda da zannuwa da sabulu, a shanya su bisa igiya cikin rana, a naɗe, a ajiye cikin kwalla ko akwati mai murfi.

Yadda ake shimfiɗawa

A share ɗaki, a fitar da kaji da awaki. Sannan a yi shimfiɗa hawa huɗu:

Na ɗaya, leda bisa katifa, a cusa bakinta ƙarƙashi don kada ta zame.
Na biyu, zane mai tsabta.
Na uku, leda ta biyu.
Na huɗu, tsofaffin zannuwa biyu.

Amfanin wannan tsari shi ne, idan an gama haihuwa sai a naɗe hawa biyu na sama a fitar. Mai jego ta sami shimfiɗa busasshiya ba tare da an wahalar da ita ba. Ledar ƙasa ta zauna har a yi arba'in, saboda jinin biƙi yana ɗaukar makonni kafin ya ɗauke.

Mata da yawa a durƙushe suke haihuwa. Ba laifi. A shimfiɗa tabarma a ƙasa, a ɗora leda, a ɗora zane bisa leda. Mace kada ta durƙusa a kan leda tsirara, domin tana da santsi idan ta jiƙe. Duk mai taimako ta wanke hannuwanta da sabulu har gwiwar hannu.

Jariri ba ya kwanciya a kan leda

Leda tana da sanyi, kuma tana iya toshe masa hanci. Da ya faɗo a goge shi da busasshen zane, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a lulluɓe su tare. A ba shi nono nan take. Tsotson nono yana taimakon mahaifa ta tsuke, jini ya ragu.

Mu duba zane

Jinin da ya kai rabin lita haɗari ne. Rabin lita shi ne cikin ledar ruwan sha guda ɗaya da muke saye a kasuwa. Ba shi da yawa a ido, amma ya isa a tashi tsaye. A ɗaura amalanke ko a nemi mota zuwa likita ba tare da jira ba:

- idan zane ya jiƙe sharkaf, jini bai tsaya ba;
- idan ana ganin manyan gudaje;
- idan mace tana jiri, ko gumi mai sanyi, ko idonta ya yi fari;
- idan mabiyiya ba ta faɗo ba bayan rabin awa.

Kada a jira gari ya waye. A tafi da zannuwan da suka jiƙe cikin leda, domin ma'aikacin lafiya ya ga yawan jinin da ya zuba. Idan aikin ya fi ƙarfin likitar ƙauye, za a wuce da ita babbar likitar Dakoro ko Maraɗi.

Akwai kuma ƙwayar misoprostol mai tsayar da jini, wadda ake sha bayan jariri ya fito, ba kafin ba. Ita da wasu dabaru sun sa mutuwar mata ta dalilin zubar jini ta ragu da fiye da rabi a likitocin Nijar tsakanin 2015 da 2020. A tambayi ungozomar likita bayaninta ranar awo.

Wanki

Mai wanki ta sa safar hannu ko ta ɗaura leda, domin ciwon hanta da sida suna bin jini. A fara ɗauraye zannuwa da ruwan sanyi, saboda ruwan zafi yana kafe jini cikin tufa. Sannan a wanke da sabulu, a shanya a rana. Ruwan wankin a zuba shi cikin masai ko rami, a rufe.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Hawa nawa ne shimfiɗar mai haihuwa?
2. Me ya sa zane mai haske ya fi baƙi?
3. A garinku, amalanken wa za a ɗaura idan haihuwa ta zo da gardama cikin dare?

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya sauki matanmu lafiya.