Injin Jirgin Ruwa a Tudun Jos

Malam mai jirgi, injin Yamaha da ka sayo daga Legas ya iso tafkin Rayfield ya yi sanyi? Kada ka yi saurin zargin mai sayarwa. Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, iskarta ba ta da kauri, fetur sai ya rinjaye ta. Kwance fulogi ka duba: in ya yi baƙi, shi ke nan, makanike ya sa ƙaramin jet a kafireto.

Da asubar hunturu kuwa, in injin ya ƙi tashi, ja cok, matsa robar tiyo har ta yi tauri, sassauta murfin tanki. Fetur ɗin da ya yi wata biyu, zubar da shi. In duk bai yi ba, leƙa farfela, wataƙila leda ce ta naɗe ta.