Darasin Kasuwanci: Sa Ido Kan Kwamfutocin Bulokcen

Bulokcen dai kundin ciniki ne da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa, kowacensu ana kiranta nod. A tsarin Bitcoin, wanda ya soma aiki a 2009, akan ƙara sabon shafi kusan kowane minti 10.

Mai kula da nod yakan buɗe allon sarrafawa ta intanet ya duba abu uku: lambar shafin ƙarshe, yawan takwarorin da take haɗe da su, da ragowar wurin ajiya. Muddin lambar ta daɗe ba ta motsa ba, to lissafin da kwamfutar ke nunawa tsoho ne.

Saboda haka kada ɗan kasuwa ya saki kaya mai tsada sai kuɗinsa sun sami tabbaci shida, wato kimanin awa guda.