Haki a garkar gida: wanda ake cirewa, wanda ake ci, da wanda ake nisanta yara da shi

Uwa, idan ruwan farko ya sauka a Damargu, daga Tenhiya zuwa Tanut da Belbeji, ƙasa takan yi kore cikin ƴan kwanaki. A daidai wannan lokaci, daga Yuni zuwa Satumba, rumbu yake raguwa, tamowa kuma take yawaita ga yara. Garkar da kika yi a bayan ɗaki, mai kuɓewa da yakuwa da zogale, za ta taimaki tukunyarki matuƙar haki bai riga shukar shan ruwa ba. Sai dai kafin ki sa hauya, ki san cewa haki iri uku ne, kuma kowanne da yadda ake yi da shi.

Hakin da ake cirewa

Ruwan da kika jawo daga rijiya mai zurfi, da takin da kika zuba, haki yana raba su da shukarki. Ɓarnarsa ta fi yawa a makonni 4 zuwa 6 na farko, lokacin da shuka take ƙarama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ki fara noma mako 2 bayan tsirowa, ki riƙa dubawa kowane mako, kuma ki cire shi da saiwarsa tun bai yi fure ba.

Jiji, wanda wasu ke kira aya-aya, yana da ƴaƴa a ƙarƙashin ƙasa. In aka yanke ganyensa kawai, sai ya sake tohowa. A tono ƴaƴan, a shanya su a rana har su bushe. Kirikiri kuma yana yaɗo, kowace gaɓa da aka bari tana iya zama sabon tushe. Ƙarangiya a cire ta tun ba ta yi ƙaya ba, don kada ta raunata ƙafar yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya.

A gonar hatsi, babban maƙiyi shi ne ƙuduji. Yana manne wa saiwar hatsi yana tsotse ta tun bai fito sarari ba. Tushe ɗaya yana zubar da dubban iri, irin kuma yana iya zama cikin ƙasa fiye da shekara 10. A tuge shi da zarar ya fara fure, a fitar da shi daga gona, a ƙone.

Bayan noma, ki rufe ƙasar garka da karan hatsi ko ƙaiƙayi. Rufin yana hana haki samun haske, yana kuma riƙe laima. Kashin awaki da na shanu yakan zo da irin ciyawa, don haka a bar shi ya ruɓe a rami kafin a zuba.

Hakin da ake ci

Wasu tsirrai da suke fitowa ba tare da an shuka su ba abinci ne da kakanninmu suka sani: tafasa, lalo, gasaya, rukuɓu da yaɗiya. Ganye mai duhun kore yana ɗauke da bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa jiki ga cuta, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Mai ciki da mai shayarwa da yaro ƙarami duk suna bukatarsu.

Ki ware musu gefe ɗaya na garka. Ki tsinki ganye mai taushi, ki wanke da ruwa mai tsabta, ki dafa shi ya yi laushi. Ki sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli, domin jiki yana ɗaukar bitamin A sosai ne idan akwai maiƙo. Yaron da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba a ba shi. Daga wata 6 sai a niƙa dafaffen ganye a zuba masa a kunu mai kauri, ana ci gaba da shayar da shi har shekara 2 ko fiye. Ganye ƙari ne a kan hatsi da wake da madara da ƙwai, ba ya maye gurbinsu.

Abin da ya yi saura a shanya shi a inuwa, a kan tabarma mai tsabta, domin rana tana rage amfaninsa. In ya bushe a adana a rufaffen mazubi saboda rani.

Hakin da yake guba

Zaƙami yana da fure mai kama da kakaki da ƴaƴa masu ƙaya. Yaron da ya ci irinsa bakinsa yakan bushe, jikinsa ya yi zafi, baƙin idonsa ya buɗe, hankalinsa ya gushe. Rai-ɗore yana kama da tafasa, amma ganyensa mai tsini ne a baki, na tafasa kuwa mai zagaye ne. Ƴaƴansa suna lalata hantar yaro. Ƴaƴan zurma ma guba ne, ruwan tumfafiya kuma yana cutar da ido. A tumɓuke waɗannan daga tsakar gida da wurin wasan yara, a wanke hannu da sabulu. Ganyen da ba ki tabbatar da shi ba, kada ya shiga tukunya.

Maganin feshi

Garkar gida ƙarama ce, hannu da hauya sun ishe ta. Maganin kashe ciyawa yana kashe har da ganyen da ake ci, yana kuma jefa yara cikin haɗari. Wanda ake kira Paraquat ba shi da makari, kurɓi kaɗan yana iya kisa, kuma an haramta shi a Nijar. Kada a tsinki ganye a gefen gonar da aka yi wa feshi, kada kuma a zuba ruwa ko madara a galan ɗin magani, ko an wanke shi.

Idan yaro ya ci tsiro mai guba ko ya sha magani, kada a sa shi amai, kada a tsaya jiƙo. A kai shi gidan likita mafi kusa nan take, tare da reshen tsiron ko kwalbar maganin.

Ga masu faɗakarwa na gari

A ziyarar gida, ku shiga garkar tare da uwa, ta nuna muku abin da ya tsiro. A taron mata, ku kawo reshen tafasa da na rai-ɗore, ku bar dattijai mata su bayyana bambancinsu, domin sun san tsirran ƙasarsu. Kafin ku fita, ku auna damtsen kowane yaro mai wata 6 zuwa 59. In awon ya nuna ja ko rawaya, ko ƙafafuwansa biyu sun kumbura, ku tura shi gidan likita a ranar.