Miya mai gina jiki ko da babu nama

Idan damina ta yi nisa, rumbu yakan yi ƙasa, nama kuma ya yi tsada. A lokacin ne yaranmu suke ramewa. Wasu har dundumi yakan kama su, su kasa gani da almuru. Alhali kuwa magani yana cikin gidajenmu.

Idan babu nama, mu sa wake ko garin ƙuliƙuli a miya. Su ma suna gina jiki. Idan babu magi, daudawa ta isa.

Ganyen zogala da alayyahu da kabewa suna ba jiki bitamin A, mai kare idanu. Ga yadda za mu dafa ganye:

1. Mu wanke shi kafin mu yanka.
2. Mu zuba shi daga ƙarshe, kada ya daɗe bisa wuta.
3. Mu rage kanwa, domin tana kashe amfaninsa.
4. Mu ƙara cokali ɗaya na man gyaɗa. Sai da maiƙo jiki yake karɓar bitamin A.

Ganyen da ya rage, mu shanya shi a inuwa, mu ajiye don rani.

Tambaya: me za mu sa a miya idan babu nama?